Wa zai duba mini kundi, mai ambato 3,000 ko mai 280?

Nuhu: Assalamu alaikum mutanen gida. Shawara nake nema, don abin ya fara hana ni barci. Na gama digiri na biyu, ina son shiga na uku a fannin mu'amalar mutum da kwamfuta, wanda ake taƙaitawa HCI. Malamai biyu sun nuna za su iya duba mini aiki, ba zan kama suna ba. Na buɗe shafin kowannensu a Google Scholar, inda ake ƙirga sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikin mutum a rubutunsu. Na farko an ambaci ayyukansa fiye da sau 3,000, ma'aunin h ɗinsa 27, maƙalunsa sun haura 100. Ta biyun ambatonta 280 ne, h ɗinta 8, maƙalu ba su kai 20 ba. Abokaina duk sun ce wannan ai ba abin tambaya ba ne. To amma da na zauna karanta maƙalun, shi na farkon na rasa inda ya sa gaba: yau tsaron intanet, gobe noman zamani, jibi karatun yara. Ita kuwa rami ɗaya take ta haƙa, yadda wanda bai yi boko ba yake fama da waya. Don Allah masu gani nesa, a haska mini.

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ƙanena. An gama, a tashi.

Malam Pam: Ɗan Gangare, kai kullum kai ne kake rufe taro tun ba a buɗe shi da addu'a ba.

Ɗan Gangare: Ni dai a fara gaya mini mene ne h ɗin nan. Kullum ina jin malamai suna h, h, kamar masu shaƙuwa.

Hajiya Ladi ta Laburare: Bari in taimaka, tunda wannan shi ne abincinmu. Ka jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. A ce shida ne, an ambace su sau 40, 22, 9, 6, 5, 2. Sai ka riƙa ƙirgawa: ta ɗaya tana da aƙalla ɗaya? Tana da shi. Ta biyu tana da aƙalla biyu? Haka za ka yi ta sauka. Ta biyar tana da biyar daidai, ta shida kuwa biyu kacal gare ta, ba ta kai shida ba. To h ɗinsa 5 ke nan. Wani masanin kimiyyar fiziya ne a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005.

Lura da abu biyu. Ko da waccan ta farkon za ta tashi daga 40 ta koma 4,000, h ɗin yana nan a 5, ko gezau. Na biyu, ba ya raguwa. Mutum zai iya ajiye alƙalami shekara goma yana nan a inda ya bar shi, wataƙila ma ya ƙaru. Shi ya sa tsoho kullum yake gaban yaro a wannan ma'auni.

Sannan Nuhu, 27 ɗin da ka gani na Google Scholar ne, shi kuma kwashe-kwashe yake yi: kundin ɗalibai, rahotanni, duk abin da ya yi kama da maƙala a intanet. Ka duba mutumin a Scopus ko Web of Science, wasu rumbuna biyu masu irin wannan ƙirga, galibi za ka ga lambar ta sauko. Mutum ɗaya, h uku.

Baba Farfesa: Na gode Hajiya. Amma kafin ku yi wa lambobin nan taron dangi, ku saurari tsoho. Lokacin da muka fara koyarwa babu su. A lokacin, da me ake auna mutum? Da wanda ya sani. Idan kana da uban gida a sama, takardunka su wuce kamar an shafa musu mai. Idan ba ka da shi, su kwana a durowa har ƙura ta rufe su. Na san mutanen da babu abin da ya cece su sai ranar da aka ce a buɗe kwamfuta a ga wa duniya take karantawa. Lamba ba ta san ƙabilarka ba, ba ta san masallaci ko cocin da kake zuwa ba. A garin nan namu na Jos wannan ba ƙaramin abu ba ne, kowa ya san abin da nake nufi.

Malam Pam: Wannan gaskiya ne, Baba. Ba mai musu.

Dakta Rabi: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ban ƙi taku ba. Sai dai ku kimiyyar sinadarai kuka yi, inda mujalla ita ce sarauniya. Mu namu fannin al'adarsa daban ce, kuma a nan ne lissafin yake rikicewa.

A HCI babban wurin da ake baje koli taro ne, ba mujalla ba. Mafi girmansu shi ne CHI, na ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, wanda ake yi tun farkon shekarun 1980. Maƙalar da ake kai wa can cikakkiya ce, masana da yawa ne suke tantance ta, kuma a mafi yawan shekaru kusan ɗaya cikin huɗu ake karɓa. To ni na taɓa zama gaban kwamitin ƙarin girma a inda nake aiki. Na sa maƙalar taro da na shafe shekara biyu a kanta, aka mayar mini da ita sau ɗaya kafin ta shiga. Wani dattijo ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar ya ɗauko tsumma, ya ce, “Wannan ai takardar taro ce, rabin maki.” A fayil ɗin da ke kusa da nawa akwai maƙala a wata mujalla da ake tura wa kuɗi ranar Litinin a ga aiki ya fito ranar Juma'a. Ita ta samu cikakken maki. Ban ce komai ba, na tattara takarduna na yi godiya.

Injiniya Bala: Dakta, da ni ne da an ji mu.

Dakta Rabi: Da kai ne da har yanzu kana matakin da ka shiga da shi.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Nuhu, tambayar da za ka yi ita ce, su waye suke yin ambaton? Masu rubuta maƙala ne kaɗai. A 2021 wasu masu bincike sun bi maƙalun CHI na shekara biyar, suka gano kashi 73 cikin 100 na sakamakon an samo shi ne daga mutanen ƙasashen Yamma, waɗanda ba su kai kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba. To idan kasuwar ke nan, wanda ya yi aiki a kan agogon hannu mai ƙirga taku yana da ɗaruruwan abokan sana'a da za su ambace shi. Wadda ta yi aiki a kan mai tumatur a kasuwar Farin Gada ta Jos, mutum nawa ne a duniya suke rubutu a kan irin wannan?

Nuhu: Anti Dakta, kamar kuna da labari a Farin Gadan nan.

Dakta Rabi: Akwai kuwa. Na yi makonni ina zuwa kasuwar da sassafe, lokacin da ake sauke kwandunan tumatur da buhunan kabeji, sanyi kamar zai cire wa mutum yatsu. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da tumatur da attaruhu, 'yar ƙaramar waya ce da ita mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Ba ta karanta boko ko kaɗan, amma tana tura wa dillalinta kuɗi da kanta, ta hanyar nan ta danna tauraro da lambobi. Na tsaya ina kallon yatsanta. Ba ta duban fuskar wayar sam. Ta haddace jerin ne kamar karatun allo: biyu, ɗaya, uku, sai lambar asusu da aka rubuta mata a bayan kwali, sai lambar sirri. Da ta ji alat ya shigo wa dillali, shi ke nan.

Wata safiya na same ta ranta a ɓace. Ashe masu tsarin sun ƙara sabon zaɓi a saman jerin, kowane abu ya matsa ƙasa da mataki ɗaya. Ta danna biyu, ɗaya, uku yadda ta saba, sai ta tsinci kanta a wurin sayen katin waya. Ta kira yaron maƙwabciyarta ya karanta mata, kafin ya iso ya gama haɗa baƙi, lokacin da aka ɗiba ya ƙare, wayar ta koma farko. Sau uku ana haka. Dillali na tsaye, mota na jira. Ta dube ni ta ce, “Malama, ni dai na san hanyata, su ne suka matsar da ƙofar.”

Na rubuta wannan da ire-irensa. Shawarar ba ta da wani ado: in za a ƙara zaɓi a sa shi a ƙasa, kada a taɓa lambobin da mutane suka haddace, a kuma tsawaita lokacin jira. Yau shekara huɗu, an ambaci maƙalar sau 6. Biyu daga ciki ni ce.

Ɗan Gangare: Inna lillahi. Dakta, ki turo mini in ambace ki a sitatus.

Malam Pam: Dakta Rabi, ki tsaya. Wannan maƙalar taki ce? Domin a kamfanin da nake aiki a nan Abuja, wani yaro ya kawo ta wurin taron mako, aka yi ta gardama a kai, daga ƙarshe muka fasa sauya jerin namu. Wallahi ban taɓa duba sunan marubuciya ba.

Dakta Rabi: Wataƙila ita ce, wataƙila ta wani ce, don ba ni kaɗai na lura da abin ba.

Malam Pam: Ko ta wace ce, mu ba ma ambaton kowa. Ba mu da inda za mu yi shi. Mu karanta, mu gyara manhaja, mu wuce. Babu wata na'ura da za ta ƙirga wannan.

Kuma tunda an zo nan, akwai abin da na lura da shi a ɓangaren masu ambato da yawa. Akwai takardar tambayoyi goma da ake kira SUS, ta wani Bature John Brooke, ta fito a 1996, ana auna sauƙin amfani da manhaja da ita. An ambace ta dubun-dubatar lokuta. Don me? Don mudu ce. Duk wanda zai auna hatsi sai ya ɗauki mudu, sai ya faɗi na wa ya ɗauka. Abu ne mai amfani ƙwarai, mu ma da ita muke aiki, amma yawan ambatonta yawan masu awo yake nunawa. Wanda ya ƙera kayan aiki kullum zai fi wanda ya gano wata gaskiya a lungu samun ambato.

Dakta Rabi: Mudun ma a kasuwarmu ba ya cika daidai. Ka tambayi dattijuwa ko ta “amince sosai” ko ta “amince kaɗan” cewa manhaja tana da sauƙi, ga ka baƙo, ka zo da jaka da takarda. Kara ba za ta bar ta ta kushe kayanka a gabanka ba. “Da kyau, Allah ya yi albarka,” shi ne amsar. Ba mu kaɗai ba ne. A 2012 an gabatar da wani bincike a CHI da aka yi a Bangalore ta Indiya, har da direbobin keke mai ƙafa uku a ciki. Aka nuna musu abu biyu, aka ce ɗaya na mai tambayar ne. Suka fi zaɓar nasa da ninki biyu da rabi, idan kuma mai tambayar baƙo ne daga ƙasar waje mai tafinta, ya kai ninki biyar. Irin malamar da za ta koya maka kauce wa wannan ramin, Nuhu, ita ce abin nema, ko nawa ne h ɗinta.

Injiniya Bala: To ni zan zama baƙin bakin taro. Duk labarin nan yana da daɗi, amma Nuhu ba labari zai ci ba. Gobe zai nemi tallafin karatu, zai nemi gurbin bincike a waje. Wanda zai duba takardunsa a Jamus ko Kanada bai san Farin Gada ba, minti biyar gare shi. Zai buga sunan mai duba aikin ya ga lamba. Sannan taron CHI ɗin da ake yabo, a ina ake yin sa? Glasgow a 2019, Hamburg a 2023, Honolulu a 2024. Wa zai biya jirgi, wa zai samo biza? Malami mai maƙala 100 yana da mutane, yana da hanyar kuɗi. Mai haƙa rami ɗaya sau da yawa ita da ɗalibanta a cikin ramin suke zama.

Dakta Rabi: Akwai AfriCHI, na nahiyarmu. An fara a Nairobi a 2016, aka yi na biyu a Windhoek a 2018.

Injiniya Bala: Na sani. Nairobin ma ba a keke ake zuwa ba.

Dakta Rabi: Wannan kam ka ci ni.

Hajiya Ladi ta Laburare: Nuhu, kafin a ci gaba, ga aikin gida na awa ɗaya. Ka koma shafin malamin na farko. Ka danna lambar ambaton manyan maƙalunsa biyar, ka ga su wa suka ambata. Ka kuma duba ko duk maƙalun nasa ne. Dalilina shi ne, watan jiya wani malami ya zo ofishina yana murna h ɗinsa ya yi tsalle. Muka buɗe tare. Shi masanin kwamfuta ne, sai ga maƙala a kan kiwon tarwaɗa, ga wata a kan ciwon ƙoda. Ya bar shafin yana ɗebo maƙalu da kansa, shi kuwa sunansa irin wanda in ka kira a kasuwar Terminus mutum goma za su waiwayo. Muka share na mutane, lambar ta zube, sai da ya nemi ruwa. Wani kuma akasin haka ne: ya rubuta sunansa Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammed a wata, aikinsa ya rabu gida uku. Shi ya sa nake ta roƙon ku ku buɗe ORCID, lambar shaida da take bambanta mai bincike da masu irin sunansa, kyauta ne.

Kuma Baba, ku gafarce ni, lamba ba ta san ƙabila ba, amma ana yi mata wayo. A 2010 wani malami a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri masanin da babu shi a duniya, ya sa masa suna Ike Antkare. Ya sa kwamfuta ta rubuta maƙalun shirme wajen 100, kowace tana ambaton sauran. Google Scholar ya ba wannan fatalwa h 94, ya wuce Einstein a lokacin.

Ɗan Gangare: Ike kuma? Ashe ɗan uwanmu ne daga Anaca.

Baba Farfesa: Na san labarin, Hajiya. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, duk abin da aka ce da shi za a ba da girma to za a samu masu yi masa dabara. An yi sanarwar San Francisco a 2012 cewa a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga, a karanta aikin. Sa hannu ba wuya. Amma ku gaya mini, kwamiti mai mutum bakwai, fayil sittin, kowane fayil maƙala talatin, a fannonin da ba nasu ba, wa zai karanta? In kun ture lamba, ku kawo abin da za ku ajiye a wurinta, in ba haka ba uban gida zai dawo ta taga.

Dakta Rabi: A ce kowa ya zaɓi maƙalu uku da ya fi alfahari da su, a tura wa masu fannin su karanta.

Baba Farfesa: Wa zai zaɓi masu karantawar?

Malam Pam: Baba ya kai mu bango.

Nuhu: Na dawo. Hajiya, na yi aikin gidan, har da ƙari. Maƙalun duk nasa ne, babu tarwaɗa. Amma babbar cikinsu, mai ambato wajen 900, marubuta 14 ne, shi ne na 11, kuma bitar ayyukan wasu ce, ba sabon bincike ba. A cikin masu ambaton sauran na ga sunaye biyar zuwa shida suna ta maimaituwa, shi ma yana ambatonsu a nasa. Ita kuma malamar, masu ambatonta kaɗan ne, amma daga Indiya, Kenya da Bangaladash suke, kuma ba a jerin sunaye kawai suke jefa ta ba. Wani ya ɗauki sakin layi guda yana jayayya da ita.

Ɗan Gangare: Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. Adashin ambato.

Baba Farfesa: A'a, Ɗan Gangare, a yi hattara da mutuncin mutane. Waɗannan sunayen za su iya zama tsofaffin ɗalibansa da suke ci gaba da aiki ɗaya, wannan ba laifi ba ne. Maƙalar bita kuma dama ta gaji ambato, don kowa da ita yake buɗe babi na biyu. Nuhu, ɗana, abin da ka gano bai ce mutumin maguɗi yake ba. Ya ce dai 3,000 ɗin ba a fanninka ya tara su ba.

Yanzu ga abin da babu wanda ya faɗa, kuma ba ya cikin kowane shafi. Ka nemi ɗalibai biyu da suka gama a hannun kowannensu. Ka tambaye su shekara nawa suka yi. Ka tambaye su in sun miƙa babi, wata nawa yake yi kafin ya dawo, kuma da jan biro yake dawowa ko fari fat. Ka tambaya wa ake sa wa a farkon suna idan ɗalibi ne ya yi aikin. Na ga mai zurfin ilimi da ya riƙe yaro shekara tara saboda shi komai bai isa ba a wurinsa. Na kuma ga mai suna da ɗalibinsa bai gan shi ba sai ranar kare kundi.

Injiniya Bala: Ka kuma tambaye ta kai tsaye ko tana da kuɗin fita fili. Zuwa kasuwa kullum da ɗan abin da za ka ba mutanen da ka tsayar da cinikinsu, ba daga aljihun ɗalibi ya kamata ya fito ba.

Dakta Rabi: Daga nawa ya fito, Injiniya, kuma har yau ban warke ba.

Nuhu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zuciyata ta karkata wurin malamar, ba zan ɓoye ba, amma maganar Baba ta sa na ja birki. Na samu lambar mutum ɗaya da ya gama a hannunta, yana koyarwa a Bukuru, zan same shi ranar Alhamis. Na ɗaya malamin kuma har yanzu ina cigiya.

Hajiya Ladi ta Laburare: Ka biyo ta laburare, kundayen suna nan a jere, sunan mai duba aiki yana shafin farko na kowanne. Da shekarar shiga da ta fita za ka yi lissafinka.

Dakta Rabi: In kana da sarari ranar Asabar, zan koma Farin Gada, akwai masu dankali daga Bokkos da nake son in ga yadda suke yi da masu POS. Ka zo ka riƙe mini littafi, ka gani ko aikin zai yi maka kafin ka ɗaura wa kanka shekara huɗu. Ƙarfe shida da rabi a bakin kasuwa. Ka sa rigar sanyi, kuma kada ka zo da takalmin ofis, akwai caɓi.

Nuhu: In sha Allahu ina nan, Anti.

Ɗan Gangare: A taho mini da tumatur na dubu biyu, zan tura kuɗin. In dai ba su matsar da ƙofar ba.